Furar da Aka Hana wa Nono

La'asar sakaliya Lawwali ya ɗaure ƙwaryar fura a bayan babur, ya kama hanyar kufan Alƙalawa. Sadakar gidansu ce tun kaka da kakanni. In gero ya shiga rumbu, sai a dama fura da nono, a kai tsohuwar ganuwa inda Gobirawa da Fulani suka gwabza yaƙi, a ba duk wanda aka tarar, ladan ya isa ga waɗanda suka kwanta a wurin. Bana ciwon ƙafa ya kayar da Inna Habi, sai ta aiki ɗanta.

"Ka biya rugar Hadiyya ka amso nono," in ji ta.

Ina! Bai biya ba. Tun da 'yan bindiga suka kashe wansa a gona ya rantse ya bar nonon Fulani har abada. Da ruwa ya dama abinsa. Zuciya mugun nama.

Kufan tsit, ko tsuntsu babu. Sai wani tsoho zaune kan tudun ganuwa, ba jaki, ba sawun ƙafa. Lawwali ya taka birki. A wannan zamani wa ke zaman daji shi kaɗai, in ba mai kai wa ɓarayi rahoto ba? Ya bar babur a kunne, idonsa na laluben waya a aljihun tsohon.

"Baba, daga wane gari?"

"Nan nike."

Ya miƙa masa ƙwarya daga nesa. Tsohon ya kurɓa, ya dakata.

"Ɗan Habi, ina nonon?"

Wallahi bai faɗa masa sunan uwarsa ba.

Babur ya mutu da kansa. Iska ta juyo da ƙaurin gobara da zufar dawaki. Tsohon ya ɗaga haɓa, sai ga karyayyar kibiya cake a maƙogwaronsa.

"Ni Bagobiri, na sha gerona," ya ce a hankali. "Bafillacen da ya harbe ni fa? Rami guda anka sa mu. Ƙwarya guda muke sha. Yau ka bar shi da ƙishi."

Numfashi a bayan wuyan Lawwali. Ƙanshin man shanu.

Hannu mai sanyin randa ya sauka a kafaɗarsa.

"Kosam," aka raɗa masa. Nono ke nan da Fillanci.

Lawwali ya doka kik ɗin babur. Shiru. Ya sake. Yatsun suka matse kafaɗarsa. Ya ƙwalla a'uzubillahi, injin ya tashi, ya fizge ya bar rabin rigarsa.

A gida ya kusa ƙarar da randa, maƙogwaronsa bai jiƙe ba. Haka ya kwana, harshe kamar busasshiyar fata.

Da hantsi ya isa rugar Hadiyya, kunya kamar ta kashe shi. Ya tarar ta ajiye ƙwaryar nono rufe da faifai. Ashe ita ma 'yan sa-kai sun kashe mata ɗanta Abu a hanyar kasuwar Gatawa, a watan da aka binne wan Lawwali.

"Ni ma na so in hana bana," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Sai na tuna ba na cikin ramin nan sunka kashe min Abu ba. Ɗauka, suna jira."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Sai a lokacin miyau ya dawo bakinsa.