Farar Rigar Aro

"Rantse min ba shawararka ba ce."

Sista ta tsaya a ƙofar sito, ko safar hannu ba ta cire ba. Ƙaramin Manaja na tsugune gaban kwali, yana miƙa wa masu shara fararen rigunan nas.

Bai ɗago ba.

"Mai Asibiti ne ya ce. Masu son zuba jari za su zagaya yau, ba ya son su ga wuri wayam."

"Ai wayam ɗin yake! Tun da aka sallami abokan aikina ni kaɗai ce a ɗakin maza. Maimakon a dawo da su, sai a yi wa tsintsiya kwalliya?"

"Na yini ɗaya ne, Sistata..."

"Ajiye wannan sunan tukuna."

Ta rasa wanda take kallo. Shi ne mai jiranta a bakin ƙofa kullum in ta tashi aiki, shi ne kuma wannan mai rabon rigar ƙarya. Har kwanan gobe yana fama da Ummarsa a kanta, don Umma ta ce ba za ta haɗa ɗanta da matar da asibiti ya riga ya aure ba. Da ƙyar ta yarda za ta zo ta ga yarinyar da idonta. Rana ce ba ta faɗa ba.

'Yar Kwalisa, mai karɓar baƙi, ta yi juyi cikin tata rigar. 'Yar ƙanwar Mai Asibiti ce, kuma ta daɗe da ɗora ido a kan Ƙaramin Manaja.

"Yallaɓai, ta karɓe ni?"

Ƙararrawar ɗakin maza ta yi kuka. Sista ta juya da gudu.

Kafin azahar ƙafafunta sun daina jin ƙasa. Wannan ƙarin ruwansa ya ƙare, wancan ya yi amai, wani yana kiran uwarsa da ta daɗe a kabari. Tana turo keken magani sai ga wata dattijuwa ta tare ƙofa, ita da wata doguwar mata.

"'Yan mata, don Allah ina ne..."

"Mama, ki matsa! Ba lokacin ziyara ba ne!"

Ta wuce ko waiwaye babu.

Ba a jima ba Ƙaramin Manaja ya shigo, bakinsa har kunne.

"Kin gama da ni, Sistata! Umma ta zo ita da Gwaggo. Ta ce ta gan ki, kin ba ta kujera, kin kawo mata ruwa. Ta ce ba ta taɓa ganin nas mai natsuwarki ba!"

"Ni?"

"Ke mana."

"Ni da ko ruwan ban sha ba?"

Ta dafe goshi. Ko gajiya ce ta fara cinye mata tunani? Ya ja ta zuwa baranda.

Dattijuwar ɗazu ce zaune. Hannunta cikin na 'Yar Kwalisa.

"Umma, ga ta," ya ce, yana nuna Sista.

"Ga wa? Ai ga ta nan a hannuna. Na tambaye ta ko ita ce Sistar ɗakin maza, ta sunkuyar da kai."

"Kunya ce ta hana ni magana, Umma," 'Yar Kwalisa ta ce ƙasa-ƙasa.

Gwaggo ta ƙare wa Sista kallo, tun daga hular da ta karkace har tabon da ke gaban rigarta.

"Au, wannan mai tsawar? Yaro, da wace kake so ka kashe uwarka?"

Sista ta waiwaya ɗakin maza. Ta ba da haƙuri ne, ko ta yi kuka, ko ta koma wurin majinyata? Ta dubi Ƙaramin Manaja, shi kuma ya dubi ƙasa. A can ƙarshen barandar Mai Asibiti na tahowa da baƙinsa, yana nuna musu fararen riguna ta ko'ina.

Sai wata mata ta fito daga ɗakin maza ba mayafi, ta cafke 'Yar Kwalisa.

"Sista! Tun ɗazu na gaya miki numfashin mijina ya sauya, kika ce kina zuwa! Ga shi can leɓensa ya yi baƙi!"

"Ni... ai ni ba..."

Mijin nata wani tela ne mai ciwon asma, na gadon ƙarshe. Sista ba ta san lokacin da ta isa kansa ba. Ta tayar da shi zaune, ta ɗora masa abin shaƙa.

"Tukunyar iska! A kira likita!"

Fararen riguna sun cika ƙofa. Ba wanda ya motsa. Ba wanda ya san inda tukunyar take.

Ƙaramin Manaja ne ya gungaro ta, shi ya kira likita, shi ya riƙe kafaɗar telan har ƙirjinsa ya fara sauka a hankali. Sannan ya miƙe ya fuskanci ƙofa.

"Duk wadda ba nas ba, ta cire rigar nan."

"Kai! Ka san gaban wa kake?" Mai Asibiti ya daka masa tsawa.

"Na sani, ranka ya daɗe. Nas ɗaya gare mu a ɗakin nan. Ga ta can. Sauran ni na raba musu rigunan da hannuna."

"To, ka bar min asibitina."

"Na bari."

Masu shara suka tuɓe rigunan kamar suna ƙona su. Baƙin suka dubi juna, suka nufi hanyar fita, Mai Asibiti na bin su da bayani. 'Yar Kwalisa ta sulale.

"Kayan aro dai ba ya rufe katara," Gwaggo ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

Da la'asar Ƙaramin Manaja ya sami Sista tana wanke hannu.

"Ban da aiki yanzu. Kina sona a haka?"

"Ban sani ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Da safe na tsane ka. Yanzu kuma... wallahi ban sani ba. Saura kaɗan mutumin nan ya tafi saboda rigarka."

"Na sani."

"Kuma Ummarka ta tsane ni."

"Wa ya aike ki faɗar abin da ke raina?"

Umma ce a bakin ƙofa. Sista ta durƙusa.

"Umma, ki yafe min tsawar da..."

"Tashi. Da na bi son raina, da na kai gidana wadda za ta ce min tana zuwa ranar da numfashina ya sauya. Ɗauko jakarki, mu je mahaifiyarki ta san mu."

Sista ta dubi gadajen. Ga ƙofar da ta daɗe tana roƙo ta buɗe, ga kuma telan da idonsa ke kanta.

"Ba zan iya ba, Umma. Nas ɗin dare mai karɓata ba ta zo ba."

"Yaushe za ta zo?"

"Allah kaɗai ya sani."

Umma ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta jawo kujerar masu jinya, ta cire takalmi, ta zauna daram.

"Kai, sakarai, nemo wa matarka ruwa. Mu ma jiran za mu yi."