Inda Shanu Ba Su Taka Ba

Wata ranar Litinin, wata yarinya 'yar aji biyar ta yi asarar takalmin makarantarta, ƙafar dama. Ta kuma zubar da kifin innarta guda bakwai. Abin da ta samu shi ne taɓo har cinya, da hankalin da ba ta fito gida da shi ba. Ga yadda aka yi.

Yarinyar tana zaune da innarta a Talata Mafara. Babanta ya rasu shekara uku ke nan. Tun daga lokacin Inna Hadizatu take suyar kifi, tana sayarwa ran kasuwa. Ba ta roƙon kowa. Ko ƙanen mijinta ya aiko da hatsi, sai ta mayar da kwanon cike da soyayyen kifi.

Kowace Litinin Inna takan je bakin dam sayen kifi. Da aka yi hutun makaranta, yarinyar ta nace sai ta bi ta.

Inna ta ce, "Ba wurin wasa ba ne. Mota ba ta kaiwa bakin ruwa. Akwai tafiyar ƙasa."

"Inna, ni fa nake cin gudu a ajinmu."

"To, sarauniyar gudu, ɗauko ƙaramin daro."

Suka shiga mota a tasha, wadda ke bin hanyar Maradun. Motar ta cika maƙil. Wata akuya ta kwanta a kan ƙafar yarinyar, ta ƙi tashi. Tun ba a yi nisa ba ta fara gajiya.

Direban, Nazifi, ya sauke su gindin wata tsamiya. Ya ce, "Inna, da la'asar zan biyo. Daga shi ba ni dawowa. Kin san yanzu ba mai son yamma ta same shi a hanyar ga."

"Na sani, yaro. Nan za ka iske mu."

Suka kama wata 'yar siririyar hanya cikin itatuwa. Lokacin bazara ne, zafi kamar ana toya mutum. Hanyar ta yi ta lanƙwasa tana zagaya gefen ruwan. A hannun hagu akwai wani fili mai faɗi, baƙi, duk ya tsattsage.

Inna ta nuna shi da baki. Ta ce, "Kin ga wurin can? Da damina duk ruwa ne. Ya janye ya bar shi. Sama ya bushe, ƙasa kuwa kunu ne. Ki bi inda kika ga sawun shanu. Inda saniya ba ta taka ba, kada ki taka."

Yarinyar ta ce, "To." Amma hankalinta yana kan ƙayar da ta kama mata zane.

A bakin ruwa suka iske masunta ba su fito ba. Suka zauna jira. Sai bayan azahar Baba Tsoho, masuncin da Inna ke saye wurinsa, ya turo kwalekwalensa. Aka yi doguwar gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya. Sannan aka shiga ciniki.

Inna ta ɗaga wata tarwaɗa ta wutsiya, ta ce, "Baba, wannan kifi ne ko jikan kifi?"

"Hadizatu, ke dai ko kada na kamo maki, cewa za ki yi ƙadangare ne."

Suka daɗe suna ja. Sau biyu Inna tana ɗaukar daronta kamar za ta tafi. Yarinyar tana zaune tana hamma. Daga ƙarshe Baba Tsoho ya sallama. Aka cika babban daro, aka zuba sha biyu a ƙaramin.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Daron ya yi nauyi. Ruwan kifi yana ɗiga a wuyan yarinyar, ƙuda na bin ta. Ƙafafunta suka yi kamar ba nata ba.

"Inna, mun kusa?"

"Da saura."

"Inna, wuyana."

"Nawa ma wuya ne, ba turmi ba. Tafi."

Can sai gammon Inna ya zame. Ta tsaya bayan wata bishiya, ta sauke kaya don ta gyara. Yarinyar ta ɗaga ido. Ga tsamiyar da aka sauke su, tsallaken baƙin filin nan, kusa ƙwarai. Hanyar shanu kuwa ta yi can nesa, ta zagaya.

Ta ce a ranta, "In na yanke nan, sai in riga Inna isa. In zauna inuwa in huta."

Ta duba filin. Babu sawun saniya ko ɗaya. Ta taka da ƙafa guda, ta ji tauri. Ta ƙara taku. Ta yi goma, ta yi ashirin. Har ta fara murmushi.

Sai ƙasa ta fashe. Ƙafar dama ta nutse har gwiwa. Ta yunƙura, ta hagu ma ta bi. Daron ya kife, kifi ya watse cikin taɓo.

"Inna! Wayyo Inna!"

Inna ta fito da gudu, ta tsaya a bakin filin. Ta ce, "Innalillahi! Kada ki motsa! Kina motsi kina ƙara nutsewa. Tsaya cak!"

Allah ya sa Baba Tsoho yana tafe bayansu, da gorar da yake tura kwalekwale a kafaɗa. Ya kwanta rub da ciki a kan busasshen wurin, ya ja jiki a hankali, ya miƙa mata gorar.

"Riƙe da hannu biyu, jikata. Kwanto gaba. Zaro ƙafa ɗaya tukuna."

Ana cikin haka suka ji ƙahon mota daga wajen tsamiya. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. Sai ƙarar ta yi nisa.

Da ƙyar aka fito da ita. Takalmin dama ya zauna a ciki. Baba Tsoho ya jawo daron da gora, ya tsamo kifi biyar. Sauran sun shige.

Suka koma hanyar shanu, suka zagaya duk nisan da ta guda. Yanzu kuma da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ƙasa da zafi, ga ƙaya. Yarinyar ta yi ta ɗingishi bayan Inna.

Gindin tsamiya ba kowa. Suka zauna. Rana tana yin ƙasa. Inna ta lulluɓe kifin da ɗanyen ganye, tana duban hanya, tana motsa baki. Ba ta yi faɗa ba. Rashin faɗan nan ya fi wa yarinyar bulala zafi. Ta san in suka kwana nan kifin zai lalace, gobe ba abin kai wa kasuwa. Ta kuma san ba kifin kaɗai Inna ke tsoro ba.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Bari mu isa gida tukuna."

Can sai ga wata a-kori-kura ta ɗauko buhunan dankali. Inna ta miƙe tsakiyar hanya, ta ɗaga mayafi. Direban ya tsaya, ya dubi yarinyar, ya ce, "Wannan kuma daga wace rijiya?" Ya ce su hau kyauta. Inna ta ƙi, sai da ya karɓi tarwaɗa guda.

Ana kiran magariba suka shiga gida. Yarinyar ta yi wanka. Inna ta hura wuta, ta ɗora mai. Sai ta kira ta, ta jawo ƙafarta, ta cire mata ƙaya biyu da allura.

"To, mi kika gano?"

"Inna, na gane in babba ya ce kada a bi wuri, akwai abin da ya sani. Na guji nisa, na jawo mana wanda ya fi shi. Ba zan ƙara saɓa maganarki don gajiya ba."

"Madalla. Gobe in an tashi kasuwa zan nemo maki takalmi wurin 'yan gwanjo. Amma ba kyauta ba. Ke za ki riƙa kankare kifi, Litinin shida."

Yarinyar ta share hawaye, ta ce, "Albarka. Biyu."

Inna ta saki allura, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ji ɗiyar ga! Da ni za ki yi ciniki? Biyar."

"Uku, Inna."

"Huɗu. Ko ki je makaranta da ƙafa ɗaya."

Yarinyar ta jawo wuƙa da daro, ta zauna kusa da innarta.

"Huɗu, Inna. Na sallama."