Lambar Waya a Shafin Turaren Hajiya Delu

Da hantsin Talata wata mata daga Rigasa ta shiga shagon Hajiya Delu da ke Badarawa, ta dire kwalbar humra a kan kantar shagon, ta fashe da kuka. Saura kwana biyar bikin 'yarta. Yarinyar ta shafa humrar, wuyanta da ƙirjinta sun saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, tana kwance a asibiti.

Sufeto Deborah Ɗanladi ce ta zo daga ofishin 'yan sanda. Ta tarar da Hajiya Delu zaune a ƙasa, ɗankwali ya zame.

"Kwalbarki ce, Hajiya?"

"Takardar jiki tawa ce. Abin ciki ba nawa ba ne. Shekara ashirin ina sana'ar nan, ranki ya daɗe, ko ƙaiƙayi ba a taɓa kawo min ƙara ba."

Matar Rigasa ta ce bincike ta yi a intanet da wayarta, ta rubuta "humrar amare Kaduna", shafin Hajiya Delu ya fito na farko. Ta kira lambar da ta gani, mace ta amsa, wani mai keke ya miƙa mata kayan a Kawo. Deborah ta duba lambar. Ba ta shagon ba ce, kuma a kashe take.

Mutum uku ne suka san kalmar sirrin shiga shafin. Deborah ta fara da Sumayya, wadda ta gina shi.

"Me aka ɗauke ki ki yi?"

"In sa a riƙa ganin shagon idan an yi bincike. Da can sai a shafi na shida na sakamakon bincike yake fitowa, wa ke zuwa can? Na rubuta bayanin kowane turare da kalmomin da mata ke nema, na rage nauyin hotuna, na sa adireshi a taswira. Wata huɗu kafin mu hau sama."

"Ke kika canja lambar?"

"In rusa gidan da na gina?" Ta juyo da kwamfutarta. "Duba. Shafuka goma sha takwas ne. Uku kaɗai aka taɓa: humrar amare, turaren tsugunno, da kwaccar jiki. Ranar sha biyu ga wata, daga wayar shago. Ni ranar ina Zariya wurin jarrabawa."

Deborah ta kira makarantar, aka tabbatar.

Na biyu shi ne Ɗayyabu, magidancin da ke kai kaya a babur. An ba shi kalmar sirrin don ya riƙa ganin adireshin masu saye.

"Ranar sha biyu kana ina?"

"Mando, gidan mai ɗori." Ya ɗaga hannun dama a ɗaure. "Mota ta ture ni ranar goma. Sai jiya na leƙo shago."

Deborah ta koma wurin Sumayya, don abu ɗaya ya tsaya mata a rai.

"Me ya sa uku? Ɓarawo ai duka zai canja."

"Idan aka canja duka, wayar shago za ta yi shiru, a gane. Ukun nan kuwa su ne suka fi kawo baƙi."

"Wa ya san haka?"

Sumayya ta ce, "Ni. Sai Hajiya. Na buga mata rahoto a takarda farkon wata."

Hajiya Delu ta ce takardar tana cikin jakarta, ba ta nuna wa kowa ba.

"Kina karanta boko, Hajiya?"

"A'a."

"To wa ya karanta miki?"

Hajiya Delu ta juya. Idonta ya tafi ga labulen ɗakin baya, inda hayaƙin sandal ke fitowa.

A can Hadiza take, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ta uku a masu kalmar sirrin. Tana gaban kasko tana juya itace a sukari. Tafukanta sun yi baƙi da tsofaffin ƙuna. Ba ta ɗago ba.

"Malama Hadiza, wayar shago a hannunki take kwana. Takardun manna wa kwalba a ɗakin nan suke. Shafukan da suka fi ciniki, mutum biyu ne suka karanta sunayensu, ɗaya tana Zariya ranar. Kuma muryar mace aka ji. Ina layin?"

Hadiza ta sauke kaskon a hankali. Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye ɗan layin waya a kan tabarma.

"Man da na saya a kasuwa na haɗa humrar da shi ne ya cuce ni. Mai arha ne, ban san gauraye ba ne. Wallahi ban nufi 'yar mutane da sharri ba."

"Hadiza," in ji Hajiya Delu daga bakin ƙofa. "Me na rage ki da shi?"

"Ba ki rage ni da ci ko sutura ba, Yaya. Amma da na karanta miki takardar nan, mutum dubu uku sun ga shafin a wata guda. Hotonki, sunanki, har da cewa ke kika gaji sirrin Inna. Na nemi sunana ko a ƙasan shafi, babu. Na so ko sau ɗaya a kira, a ce ni ake nema."

"Da kin faɗa min."

"Da kin tambaya."

Deborah ta ba Hadiza lokaci ta wanke hannu ta yafa mayafi. Ba ta sa mata ankwa ba.

Bayan an fita da ita, Hajiya Delu ta daɗe tana kallon kaskon da ke hucewa. Sannan ta juya ga Sumayya.

"'Yata, sauke shafin nan."

"Hajiya, na mayar da lambarki. Idan muka sauka yanzu, hawa zai yi wuya. Masu nema za su zo."

"Su zo su sayi me?" Hawaye suka gangaro mata. "Ni ciniki kawai na iya. Ban taɓa haɗa turare da hannuna ba. Hadiza ce Inna ta koya wa."