Furen da Angus Ya Saka a Aljihu

Da faɗa suka fara. Ranar gwajin rigar tsira a makarantar matuƙan jirgin ruwa ta birnin Hobart, Angus Triffitt ya kasa jan zif ɗinsa cikin minti biyun da aka ba su. Maeve Direen ta fizgo shi ta ja masa har haɓa.

"A tekun kudu da tuni ka daskare, sakarai."

Shi kuwa sai kallonta yake yi. Tun daga ranar yake kiranta Kyaftin, tana harararsa tana amsawa.

Da soyayya ta shiga tsakaninsu, babanta Des, tsohon masunci, bai so maganar ba. "Ɗan gonar tuffa ne, wasa ya yi masa yawa," in ji shi.

Bayan shekara biyu aka zaɓe su cikin ɗalibai shida da za su bi jirgi zuwa Antatika. Ana jibi tafiya aka zo duba kaya, don ko ƙwayar iri ɗaya ba a yarda ta sauka a ƙasar ƙanƙara ba. Sau uku Maeve ta kakkaɓe kayanta. Amma malamar da ke duba kayan ta zaro busasshen fure, har da irinsa, daga aljihun rigar sanyinta, nan take ta soke sunanta.

Tana fitowa, idanu jajur, saƙon Angus ya shigo wayarta: "Kyaftin ɗina, kin ga abin da na ɓoye miki a aljihu? Don ki riƙa jin ƙamshin gida."

Mutumin da ya ji dokar nan da kunnensa, a aji ɗaya da ita. Abin haushi ne wallahi. Nan take ta kira shi.

"Ashe kai ne? Shekara biyu ina shan sanyi, ka rusa min da fure. Kada ka sake kirana."

Angus bai tsaya ba ta haƙuri ba. Ofishin malama ya wuce ya faɗi gaskiya. Aka mayar da sunan Maeve, aka cire nasa, zai maimaita shekara.

Ranar tashi tana saman jirgi, ko kallonsa ba ta yi ba. Des ya same shi tsaye a bakin tashar jirgin.

"Kai ne mai furen?"

"Ni ne, Baba."

"Wawanci ka yi, yaro. Amma da ƙafarka ka kai kanka. Ka zo cin abinci ranar Lahadi."

Wata uku Angus yana aika mata saƙo, shiru. Sai da jirgi ya juyo gida amsa ta zo: "Har yanzu haushinka nake ji. Ka sayi zoben aure."

A garinsu Dover aka ɗaura auren. Des ya miƙe ya yi musu addu'a. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ya ba ka haƙuri, don 'yata ba ta huce ba tukuna."

"Ban huce ba," in ji Maeve, tana riƙe da hannun mijinta gam.