Wasiƙar da Ladabinta Ya Yi Yawa

Da hantsi aka kawo rahoton an sace kwamfutar maɗaba'a. Kafin azahar an kulle mai tuƙa injin, wani da ake kira Barkono, saboda an tsinci wasiƙar amsa laifi a teburin manaja, da sunansa a ƙasa. Gobe za a kai shi kotu.

Sufeto ya kasa zama. Sau huɗu yana karanta takardar da aka buga da na'ura: "Ranka ya daɗe, ina mai durƙusawa ina neman afuwa. Larura ce ta sa na ɗauka."

Ya sa aka shigo da matar Barkono.

"Yaya mijinki yake magana?"

"Gatse da baƙar magana, yallaɓai. Shekara ashirin bai taɓa ce min don Allah ba. Amma wallahi ba ɓarawo ba ne."

Ya leƙa sel. "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni? In durƙusa wa manaja? Gwiwata ciwo take yi!"

Sufeto ya suri hularsa, sai maɗaba'a. Warin tawada ya cika ɗakin, injin a kashe. Sakatare ya tarbe shi har ƙofa, murya kamar an shafa mata mai.

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe. Ni tausayin Barkono ma nake ji."

Wannan tausayin bai kwanta wa Sufeto ba sam. Ya raba wa ma'aikata uku takarda, ya daka musu tsawar ƙarya: "Kun yi sakaci! Kowa ya rubuta wa manaja ban haƙuri."

Mai yankan takarda ya rubuta layi biyu cikin ƙunƙuni. Mai ɗinkin littafi ya rubuta nasa a tsorace. Sufeto ya ɗaga ta ukun ya karanta da ƙarfi: "Ranka ya daɗe, ina mai durƙusawa..."

"Malam sakatare, ka ari sunan mutum, ka manta ka ari bakinsa."

Gumi ya karyo wa sakatare. "Kullum sai ya yi min izgili a gaban kwastomomi. So na yi a kore shi. Kwamfutar tana gidan ƙanwata."

Aka sa masa ankwa, yana tafe yana "a yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Da aka buɗe sel, matar Barkono ta fashe da kuka. Shi kuwa ya karkaɗe rigarsa, ya dubi Sufeto sama da ƙasa.

"Sai yanzu kuka ga dama?"

"Ka gode wa bakin nan naka," in ji Sufeto. "Shi ya fitar da kai."