Naɗin Ganye a Gidan Burodi

"Buɗe kular nan in gani!"

Auta ta tsaya cak a ƙofar gidan burodin, kular abinci a hannu, gumi na bin bayan wuyanta. Ɗan hutun rana aka ba ta a shagon maganin da take aiki, ta tsallako titi da sauri don ta miƙa ta koma. Ba ta san yau Hajiya, mai gidan burodin, ta zo duba ma'aikata ba.

"Ina wuni, Hajiya..."

"Ba gaisuwa na tambaye ki ba. Buɗewa na ce ki yi."

Ta buɗe. Naɗi ne jere a ciki, kore shar, ganyen kabeji da na latas an naɗe tsokar kaza da ƙwai da tumatir, kowanne an soke shi da tsinken sakace.

'Yar Lele, 'yar ƙanwar Hajiya da ke zama a kantar burodi tana sallamar masu saye, ta leƙo ta kwashe da dariya.

"Ba na faɗa miki ba, Hajiya? Kullum sai ta kawo! Wai abincin Yaya ke nan. Wallahi ko zomo aka ba wannan sai ya nemi ƙari!"

"Ɗana?" in ji Hajiya. "Ɗan da duk masu abincin garin nan ke layi don burodin naɗinsa, shi ake naɗa wa ganye? A gidan ubansa? Rowa ce, ko raini ne, ko kuwa wani abu aka ce ki riƙa zubawa a ciki? Dubi yadda ya rame!"

Auta ta juya. Shi ta kalla, ɗan Hajiyar, saurayinta.

Yana tsaye jikin farantan gasa burodi, garin fulawa a girarsa kamar kullum, wanda saboda shi ta laƙaba masa Mai Fulawa. Magana ɗaya tak take jira daga bakinsa. Ya ce, "Mama, likita ne ya hana ni." Shi ke nan, a wuce wurin.

Sai ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

Hajiya ta zari burodi mai zafi, irin falalen nan mai faɗi kamar faifai, ta juye naman da ke cikin ganyen a kai, ta nannaɗe da hannu ɗaya cikin gwaninta, ta miƙa masa. 'Yar Lele ta fasa lemon kwalba mai sanyi ta dire a gabansa.

"Ci in gani!"

Ya ci. A gaban idon Auta ya cinye, ya kora da lemon.

Ta rufe kularta a hankali, ta juya. Ko kuka ba ta ji yana zuwa ba. Gajiya kawai ta ji.

A shagon maganin suka fara haɗuwa. Ya shigo neman maganin ciwon kai, kafin ta ɗauko har ya shanye robar ruwa ya nemi wata. Auta ta san wannan ƙishin, don a kansa ta yi jinyar mahaifinta tun tana 'yar makaranta har ranar da aka fita da shi. Ta lallaɓa shi ta ɗan soki yatsarsa ta gwada, da ta ga abin da na'urar ta nuna ta kora shi asibiti a ranar. Ciwon sukari ne. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce ya yi nesa da zaƙi, ya rage fulawa sosai. Mutumin da ke wuni cikin fulawa tun daga gira har takalmi!

Ya dawo shagon ya zauna a benci kamar an zare masa laka.

"To ni me zan ci? Tun ina yaro abincina ke nan, in zari burodi in naɗe abin da na samu, in ci a tsaye."

Washegari ta kawo masa naɗin ganye. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce in ya fara kukan akuya ita ce da alhaki. Ya cinye, ya tambaya ko akwai saura. Daga nan soyayya ta shiga, ba sallama.

Abu ɗaya ya roƙe ta, har da sa ta yin alkawari: kada mahaifiyarsa ta ji. Ciwon nan ne ya ɗauke mahaifinsa, kuma shi kaɗai ne ɗanta.

Ranar rikicin kular kuwa, bai bari ta kai bakin shagon ba ya cim mata.

"Auta... Zuciyata, ki tsaya mana!"

"Ka goge bakinka, akwai maiƙo."

"Ki fahimce ni. Idan ta ji, wallahi faɗuwa za ta yi."

"Ni kuma da ƙarfe aka yi ni?"

"Ki ƙara mini lokaci kaɗan..."

"Lokacin nan kake nema tun kafin ka fara zancen turo manya gidanmu. An kira ni marowaciya, na yi shiru. Yau an ce asiri nake maka, na yi shiru. Duk zan iya shanyewa. Amma ka ɗaga kwalbar nan a gabana ka shanye?"

"Sau ɗaya ne fa, masoyiyata."

"Haka Baba yake cewa."

Ya kau da kai.

"Na gaji," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Alkawarinka yana nan, ba zan faɗa mata ba. Amma ba zan sake tashi da asuba ina naɗa wa mutum abin da yake jin kunyar ci ba. Na riga na yi jinyar mai ɓoyo sau ɗaya, na san inda take ƙarewa."

Ta shige shago. Wata tsohuwa na jiran maganin tari, ta sallame ta da murmushin da ba ta san daga ina ta samo shi ba.

A gida ma ba sauƙi. Umma ba a gaya mata komai ba, amma tun ranar da ta ga kabeji ya dawo kicin ɗinta ta gane wani mai ciwon sukarin 'yarta ke yi wa hidima.

"Ni fa ban taɓa so ba," ta ce tana ninke wanki. "Kin ƙarar da ƙuruciyarki a kan ubanki, yanzu ki kwashi sauran ki kai wa ɗan wasu? Allah ya raba ku lafiya. Ki huta, 'yar nan."

Hutun ne bai zo ba. Da asuba idonta ke buɗewa da kansa, ta kwanta tana kallon silin, hannunta na neman aikin da ta hana shi. Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Da rana kuwa ƙamshin burodi ya tsallako titi ya same ta har bayan kantar shagon, ta rasa inda za ta sa hancinta.

'Yar Lele ma ta tsallako, wai man shafawa take nema.

"Yaya fa ya dawo hanya," ta ce tana duba fuskarta a gilashin kanta. "Ni nake haɗa masa shayi yanzu, mai kauri, madara har ƙasa. Hajiya ma ta ce gara ya auri 'yar gida."

Saura kaɗan gaskiyar ta suɓuce wa Auta. Ta haɗiye ta da ƙyar, ta sa man a leda.

"Yana sha?"

"Oho dai! Ina ruwanki?"

Ranar ta koma gida ta kwanta da takalmi a ƙafarta.

Ranar hutunta da hantsi, tana wanke-wanke, ta ji sallama a tsakar gida. Muryar ta sa kofi ya kusa suɓuce mata. Hajiya ce, ita kaɗai, ba gwal ba turare, da baƙar leda a hannu. Umma ta shimfiɗa mata darduma a daƙile, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Hajiya ba ta zauna ba. Ta buɗe ledar. Kabeji ne manya guda biyu.

"Jiya na shiga ɗakin ajiyar buhuna," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Na same shi zaune a ƙasa, ya sakaya ƙofa. Ga burodi na fitowa da zafinsa a waje, shi kuma ga shi da ganye a cinya, yana naɗawa yana yagewa, nama na zubewa. Shayin da yarinyar can ke kai masa kuwa, ashe a magudana yake juyewa."

Auta ta dafa bango.

"Sai na ga robobin ruwa a bayan buhu, tuli guda, duk ya shanye." Muryar Hajiya ta karye. "Na san robobin nan. Na share irinsu a ƙarƙashin gadon ubansa. Ban tambaye shi ba, shi ya ɗago ya ce, 'Mama, zauna in gaya miki abin da na sa baiwar Allah ta ɗauka ita kaɗai.'"



"Ban faɗi ba," in ji Hajiya. "Yana ta tsoron in faɗi. Ni da na binne miji na tashi na riƙe gidan burodi! Kunya ce dai ta kusa kashe ni. 'Yata... ki yafe mini abin da bakina ya faɗa."

"Ba komai, Hajiya. Ya wuce."

"Bai wuce ba sai kin koya mini. Na gwada da kaina da safe, duk sun yage. Ni da nake naɗi tun ba a haife ki ba!"

Umma ta yi gyaran murya.

"Hajiya, ni fa 'yata ta gaji. Ba zan ba da ita aikin jinya ba."

"Shi ya sa na zo da kaina, Yaya. Ba ita kaɗai za ta ɗauka ba. Kafin ta tare ni zan riƙa yi masa, in ta tare mu raba. Kuma in ya sake ɓoye wani abu, ni da ita za mu haɗu a kansa."

Umma ta kwance hannunta. Ta tashi ta kunna risho, ta ɗora ruwa.

A kicin Auta ta yanke gindin kabejin, ta ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗanye kika naɗa, ko?"

"To da yaya ake yi?"

"Latas ne ake naɗawa ɗanye, shi ma sai an tsane ruwansa. Kabeji sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa, da ya yi laushi a cire, a jefa a ruwan sanyi don kada ya dahu. Sannan wannan..." Ta kwantar da ganyen, ta nuna jijiyar nan mai kauri da ke tsakiyarsa. "Ita ke yaga shi. Ba a cire ta, fere ta ake yi da wuƙa har ta yi daidai da sauran."

Hajiya ta karɓi wuƙar. Na farko ta huda shi. Na biyu ta cika shi da nama kamar burodi, ya fashe ta gefe.

"Kaɗan ake sawa, Hajiya. Ganye ba ya son zari."

"Ke, ni kike kira mai zari?"

Umma ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa, dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba. Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta ce tururi ne.

"Da na san wannan lokacin babansa..."

"Ni na sani, Hajiya, kuma bai hana ba. Baba yakan karɓa ya yi godiya, in na juya ya aika a sayo abin da ransa ke so. Sai mai ciwon ya yarda."

"To ai ga mai ciwon can a waje, tun ɗazu rana na gasa shi. Na ce kada ya kuskura ya shigo sai kin ce."

Auta ta ɗan jima tana kallon ruwan da ke tafasa. Tana son sa, wannan ba ta taɓa shakka ba. Tsoro ne dai bai gama sakin ta ba.

"Ya shigo," ta ce.

Ya shigo kamar mai taka ƙwai, ya durƙusa ya gai da Umma, sannan ya ɗago. Ya ƙara ramewa. Fulawar na nan a girarsa.

"Auta... na bar ki a tsaye ke kaɗai ranar nan. Ba ni da abin cewa."

"Ka koma asibiti?"

"Jibi. Mama ta ce ƙafarta ƙafata."

"Maganin fa?"

"A kan teburin falo yake yanzu, kowa na gani. 'Yar Lele ma ta gani, tun jiya take kuka wai ta kusa kashe ni da shayi."

"Ai ba ta sani ba. Kai ka sani."

"Ni na sani," ya ce. "Ki yafe mini, hasken idona. Ba zan sake ɓoyewa ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Hannu kawai ta miƙa ta kaɗe masa fulawar da gefen gyalenta, Umma ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

"Ya tsaya!" Hajiya ta ɗaga murya daga kicin. "Wallahi wannan bai yage ba!"

Ta fito da shi a faranti, naɗi ɗaya tilo, karkatacce, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, tsinke biyu ta soka masa don tsoro. Ta dire a gaban ɗanta, ta riƙe ƙugu.

"Ci in gani!"

Ya ɗauka da hannu biyu, ya ci a gaban kowa.

Auta ta miƙe za ta koma kicin ta ƙarasa sauran, Hajiya ta dafa kafaɗarta ta mayar da ita kan kujera.

"Ina za ki? Zauna, 'yata. Yau ni zan naɗa miki."

Ta zauna. Ta jingina kanta da bango, ta lumshe ido, tana jin ƙarar wuƙa a hannun wata.