Jajayen Karfasan Raliya

Ana idar da sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Malam Jaji. 'Yarsa Raliya na tsugune gaban robar kifayenta, ta ɗago kai. Na biyu ya sauka kusa da ƙafarta, jiƙaƙƙe, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

Raliya ɗalibar jami'a ce. Bincikenta a kan karfasan wani tafki ne a dajin bayan Damari, waɗanda suke jajaye, 'yan uwansu na kogi kuwa toka-toka. So take ta gano yadda launin ya sauya tun daga kakanninsu. Saboda 'yan bindiga, yayanta Sadisu ne ke raka ta. Takan ɗauki hoton kifayen ta mayar da su ruwa. 'Yan kaɗan kawai ta kawo gida.

Kullum rana ta faɗi sai jifan ya dawo, ƙarni ya cika ɗakuna. Daga nan ƙanwarta Muslimat ta daina magana. Sai ta zauna gaban robar tana buɗe baki tana rufewa, ido ba ƙiftawa.

Aka ɗauko Malam Abarshi mai ruƙiyya. Bai yi nisa da karatu ba, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Wace ce ke?" in ji Malam Abarshi.

"Mai tafkin. Kifayen nan kiwona ne." Yatsan Muslimat ya nuna Raliya. "Wannan na ƙyale ta, don ba ta kashe min su. Na yarda da ita. Sai ta nuna wa wancan hanya."

Yatsan ya koma kan Sadisu.

"Ya dawo shi kaɗai da maganin feshin gona, ya tsiyaya a ruwana. Ya cika buhu, sauran suka ruɓe."

Raliya ta juya a hankali. "Yaya, da gaske ne?"

"Kifi ne fa kawai," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Yarinyar da kika shiga ba ta cuce ki ba," in ji Malam Abarshi. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A mayar min da na cikin robar, su kaɗai suka rage. Kuma kada ɗan gidan nan ya sake taka bakin ruwana."

Raliya ta dubi kifayen. In suka tafi, bincikenta ya mutu. Ta dubi ƙanwarta.

"Zan mayar."

Muslimat ta yi atishawa, ta kife, ta tashi tana kiran innarsu.

Da hantsi Malam Jaji da kansa ya kai Raliya a babur. Tafkin shiru, sai ƙudaje. Ta karkata robar, jajayen suka nutse.

Da suka dawo, Sadisu na zaure. Ya miƙo hannu zai karɓi robar. Ta raɓe ta wuce shi kamar ba kowa a wurin.